Tsohuwar firamaren garinmu, a gyara ko a rushe?

Ɗan Bariki:
Salam jama'a, shawara nake nema. A garinmu nan bayan Bukuru akwai tsohon ginin firamare na dutse, aji biyu da ofishin hedimasta, tun lokacin da kamfanonin kuza ke tashe aka gina shi. Da aka fara UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976 yara suka yi yawa aka koma sabbin azuzuwa, shi kuma ya zama ɗakin taron gari, nan ake mitin, nan ake rigakafin yara, nan ake jefa ƙuri'a, har yaƙi da jahilci iyayenmu mata sun yi a ciki. To yanzu kwano ya ci tsatsa yana yoyo, matasa sun ce a rushe a zuba shaguna. Me kuka gani?

Tsohon Malami:
Yaro kar ku soma. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, an ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938 amma ginin yana nan, gidan tarihi ne yau. Haka Gidan Ɗan Hausa a Kano. Kuma waɗannan ginin ƙasa ne fa, ku naku dutse ne.

Magini:
Baba ya yi gaskiya. Ni sana'ata ce, ginin dutse ba tsufa ke kashe shi ba, ruwa ne, kuma kowa ya san damunar Jos. Ku cire kwanon, a duba katakon ko gara ta ci, a yi gwata ruwa ya daina kwanciya a gindin bango. Don Allah kar wani ya ce a shafe dutsen da filasta ya buga fenti, danshi zai maƙale a ciki.

Maman Ihsan:
Baba ka yi haƙuri, su ma yaran nan suna da hujja, wa zai riƙa biyan kuɗin gyara? Karo-karo sau ɗaya ake yi a gaji. Ni dai a bar ginin a yi shago uku a jikin katanga, kuɗin haya ya riƙe shi. Sannan filin na waye? In har yanzu na sashen ilimi na ƙaramar hukuma ne, ku nemi takarda kafin ku taɓa ko ƙusa ɗaya.

Ɗan Bariki:
Na gode Anti, wallahi maganar takardar nan ba wanda ya kawo ta. Zan samu mai unguwa da kansila bayan Juma'a.