Kube da bel na gasar harbi: me kuka gamu da shi a farkon farawa?

Abu Hanif, Houston

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ina zuwa filin harbi, kuma ƙarshen watan nan nake so in shiga gasata ta farko ta USPSA (ƙungiyar gasar harbi ta Amurka) da bindigar hannu Glock 17. Abin da ya ɗaure min kai shi ne kayan ƙugu. Na je kallo sau biyu. Wasu bindigarsu kamar a iska take rataye, kunama kaɗai aka rufe, wasu kuma kuben ya haɗiye ta har baki. Kuɗina ba su da yawa, ba na so in saya sau biyu. Don Allah waɗanda suka riga ni, ku gaya min abin da ya faru da ku, ba abin da masu talla ke faɗa ba.

Baban Zainab, Pretoria

Wa alaikumus salam, ƙanena. Shekarata goma sha ɗaya ina harbin IPSC (ƙungiyar gasar harbi ta duniya) a nan Afirka ta Kudu, kuma da zan koma baya, da bel zan fara kafin kube.

Ranar farko na je da bel ɗin fata irin na zuwa ofis. Bindigata CZ ce ta ƙarfe zalla, ta haura kilo ɗaya tun ba a sa mata harsashi ba, ga magazin huɗu cike a hagu. Ina taka gudu sai bel ɗin ya lanƙwashe, ƙotar bindiga ta kwanta waje. Da na kai hannu, ba ta inda na bar ta. Da na fizga, kube da wando suka biyo ni sama kafin ta fito. Duk wannan ba laifin kube ba ne.

Abin da ake amfani da shi bel biyu ne. Na ciki siriri, shi ake zurawa a madaukan wando. Na waje mai tauri kamar katako, faɗinsa inci ɗaya da rabi, shi ke ɗauke da kube da gidajen magazin, sai ya manne wa na ciki da Velcro. Nawa na CR Speed ne, kamfanin nan ƙasar, abokaina da yawa kuma Double Alpha na Holan suke ɗaurawa. Amfaninsa shi ne duk lokacin da ka ɗaura, komai yana nan inda hannunka ya saba.

Dokar IPSC ta ce bel ya ratsa madauki uku aƙalla, ko a ɗinke shi a jikin wando. Saboda haka wandonmu mai zariya ba ya shiga wannan harka, komai daɗinsa a lokacin zafi. Sauran abin da alƙalai ke dubawa: kube ya rufe kunama ruf, ɗuwawun ƙota kada ya sauka ƙasa da saman bel, bakin bindiga kada ya nuna wurin da ya wuce mita ɗaya daga ƙafafunka idan kana tsaye, tazarar ƙota da jikinka kuma kada ta wuce milimita 50. Ku a Amurka wasu ma'aunanku sun bambanta da namu, don haka ka buɗe littafin USPSA, ka karanta shafin rukuninka kafin ka fitar da ko dala ɗaya.

Jikan Dukawa, Greensboro

Ni a gidan dukanci na tashi, ƙamshin jima na fara sani kafin na san makaranta. Shi ya sa da na fara wannan wasa raina bai yarda da roba ba, na sayi kuben fata mai kyawun ɗinki. Na riƙa shafa masa mai kamar yadda ake yi wa kuben wuƙa. Kuskurena ke nan. Wuƙa tana son kube mai laushi, bindiga ba ta so.

Bayan wata shida bakinsa ya saki. Wata rana ina atisaye a ɗaki, bindiga babu harsashi, na mayar da ita sai na ji ta cije. Na duba a hankali. Leɓen fatar ya naɗe ya shiga zoben kunama, yana danna ta. Glock ba ta da makullin hana tashi da ake dannawa da babban yatsa, Malam Abu Hanif, ka san wannan. Da a fili ne, da harsashi a ciki, cinyata ce a gabanta. Na zauna a bakin gado na daɗe ban tashi ba.

Tun ranar na koma Kydex. Roba ce da ake gasawa a matse ta daidai da siffar bindiga guda, bakinta a buɗe yake kullum, in bindiga ta zauna za ka ji ta ce ƙas. Har gobe ina son fata, kuma akwai masu yin ta da tauri yadda ya kamata, amma ba zan ba sabon shiga shawararta ba. Abu ɗaya: kada ka bar Kydex a mota a ranar Texas, zafi yana sauya masa siffa.

Maman Sadiq, Columbus

Ni IDPA nake yi, wato gasar harbi irin ta kare kai, can dole ne riga ta rufe bindiga, kube kuma ya zama irin wanda mutum zai iya yawo da shi. Matsalata daban ce. Yawancin kuben nan da jikin namiji aka auna su. A ƙugun mace ƙota tana karkatowa ta soki haƙarƙari, sai an ɗaga gwiwar hannu har kunne kafin a zare. Sai da na gwada uku na samu wanda ya ɗan sauka, ya ɗan ja baya daga jiki. Ga 'yan'uwa mata masu hijabi, ku sa gajere wanda ake cusawa cikin wuyan riga. Duk abin da ke reto kusa da bakin kube, gefen riga ko igiyar jaket, zai iya bin bindiga ciki. Ni kullum sai na share wurin da hannu, na kalla da idona, sannan in mayar.

Ɗan Damagaram, Hambug

Irin wanda ka ce kamar a iska yake rataye, ni na saya, kuma shi ya fitar da ni daga gasa. A wani mataki na gasar an ce mu fara a zaune kan kujera, bindiga cike a kube. Na ji an ce shirya, na cire makullin da ke riƙe bindiga a kuben don in rage lokaci. Ƙarar farawa na tashi na miƙe, hannun kujera ya taɓa ƙota, bindiga ta faɗi kan yashi. Alƙali ya yi tsawa, na tsaya cik. Shi ya ɗauke ta, ya cire harsashi, ya ce min na gama na yau. Faɗuwar bindiga a tsakiyar mataki kora ce, babu roƙo. Tafiyar awa huɗu na yi zuwa wurin, harsashi ko ɗaya ban harba ba a matakin. Na tsaya ina taya su liƙe ramukan allo har yamma.

Daga baya na auna da agogon harbi a gida. Bambancin zarewa tsakanin wannan kuben da na Kydex bai kai yadda nake zato ba, ƙiftawar ido ce. A dogon mataki mai harsashi 32, abin da nake zubarwa wajen canza magazin da tafiya tsakanin wurare ya ninka shi sau da yawa.

Baban Zainab, Pretoria

Ɗan Damagaram, Allah ya kiyaye gaba. Amma ban yarda a ɗora wa kuben laifi duka ba. Ina amfani da irinsa shekaru, bai taɓa sakar min bindiga ba, domin a farawar zaune ba na taɓa makulli sai hannuna ya kama ƙota. Na dai yarda ba na mai koyo ba ne. Abu Hanif ma ya huta, USPSA ba ta yarda da shi a rukunin Production ba, wato na bindigogin da ba a yi wa babban gyara ba.

Na manta da sukurorin kube da na gidajen magazin. Girgizar gudu tana kwance su a hankali. Ka ɗiga musu gam ɗin Loctite mai shuɗi, ba ja ba, don jan ba ya kwantuwa sai da wuta. Daren gasa kuma ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Malam Na Bronx

Ƙarin bayani kan lokacin sallah, don kusan ya ci ni. Gasa takan kai azahar. Na farko da na je, na kama bel ɗin waje zan ɓare shi da bindiga a jiki, a bayan mota, sai wani dattijo Ba'amurke ya riƙe min hannu. Ashe hakan ma taɓa bindiga ne a inda ba a yarda ba. Sai ka je teburin da aka keɓe, inda ba a taɓa harsashi, ka sa bindigar a jaka, sannan ka cire bel ka yi alwala.

Abu Hanif, Houston

Allah ya saka muku da alheri. Jiya bel biyun ya iso, da kuben Kydex na Glock 17 da gidajen magazin huɗu. Na fitar da harsasai daga ɗakin gaba ɗaya, na ɗaura, na yi tsalle, na zauna a kujera na tashi sau goma, na durƙusa. Ba ta motsa ba. Yaya Baban Zainab, gidan magazin na farko yana tokare min ciki idan na sunkuya. In matsar da shi baya ne, ko in karkatar da kansa?