Shin dokar farauta za ta iya dawo da barewa mai kunnen alfadari a yammacin Amurka?

Ɗalibin Gandun Daji:

Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a fannin kula da namun daji, kuma an ba mu aiki a kan barewar yammacin Amurka wadda ake yi wa laƙabi da mai kunnen alfadari saboda manyan kunnuwanta. Abin da na karanta shi ne garkunanta sun daɗe suna raguwa. A jihar Wayomin an ƙiyasta yawanta ya kai 578,000 a shekarar 1991, amma a yanzu ko rabin wannan adadi bai cika ba, a Kolorado kuma ta sauko daga kimanin 600,000 a 2006 zuwa kimanin 390,000 a 2013.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk da wannan raguwa, hukumomin jihohin ba su daina sayar da lasisin farauta ba. Sai dai su rage yawan lasisin, ko su taƙaita kwanakin farauta, ko su ce sai namiji mai rassan ƙaho kaza za a harba, har ma wani lokaci su ware wa maharba tukuici. A ganina, dabbar da ke ƙarewa ai hana harbinta ake yi ɗungurungum na shekara biyar ko goma har ta farfaɗo. Me ya hana su yin haka? Kuma shin waɗannan dokoki da tukuicin suna ƙara yawan barewar da gaske, ko dai kwantar wa jama'a da hankali kawai ake yi? Ina roƙon masu ilimin abin su warware mini.

Mai Bin Sawu:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ina karatu a Wayomin, kuma wannan tambaya taka ita ce ta farko da ni ma na yi da na zo. Amsar tana ɓoye a cikin wata tambayar: wace barewa ake harbi? A mafi yawan yankunan da garke ya ragu, maza kawai ake bari a harba, an riga an rufe farautar mata ko an rage ta ƙwarai. Namiji ɗaya kuwa yana barbarar mata da yawa a kaka guda, shi ya sa ko da maza sun yi ƙaranci, akan tarar fiye da kashi 90 cikin ɗari na manyan mata suna ɗauke da ciki. Jihar Yuta, alal misali, a yankunan farautar gama-gari abin da take nema bayan an rufe farauta shi ne maza 15 zuwa 17, ko 18 zuwa 20, ga kowace mace ɗari, kuma wannan ya ishi aikin barbara har da rara. Saboda haka idan ka hana harbin maza, mazan za su ƙaru, za su tsufa su yi manyan ƙahoni, amma 'ya'yan da za a haifa baɗi ba za su ƙaru da ko ɗaya ba.

Ba hasashe ba ne, an gwada. A shekarar 1999 Kolorado ta daina sayar wa duk wanda ya zo da kuɗinsa lasisin barewa, ta mai da shi ƙayyadadde ta hanyar ƙuri'a a duk faɗin jihar. Yawan maza a kan mata ya hau, maharban da ƙuri'a ta faɗa musu sun ji daɗi, amma yawan 'ya'ya a kan uwaye bai inganta ba, kuma alƙaluman da ka kawo na 2006 zuwa 2013 ai a ƙarƙashin wannan tsarin aka same su.

Abin da ke ɗaga garke ko ya kayar da shi shi ne uwa ta rayu, ɗanta kuma ya tsallake hunturunsa na farko, kuma dukansu biyu sun rataya ne a kan kitsen da dabbar ta tara kafin ƙanƙara ta rufe ƙasa. Hunturun 2022 zuwa 2023 ya nuna wannan ƙarara. Garken tsaunukan yammacin Wayomin ya faɗo daga kimanin 30,000 zuwa kimanin 11,000, kuma 'ya'yan da masu bincike suka ɗaura wa na'urar bin sawu a wuya kusan babu wanda ya ga bazara. Idan aka tarar da mushe a irin wannan lokaci, akan fasa ƙashin cinya a duba ɓargo. Na dabbar da ke da ƙoshi fari ne mai tauri kamar kakide, na wadda yunwa ta kashe kuwa ja ne mai ruwa-ruwa, yana zamewa a yatsa, domin jiki ya cinye kitsensa na ƙarshe. Wanda ya taɓa ganin wannan ba ya sake ɗora alhakin komai a kan bindiga.

Ga kuma batun wurin kiwo. A kusa da garin Paindel na Wayomin, inda aka yi ta haƙar iskar gas a kan tudun da barewa ke yin hunturu, binciken shekaru masu yawa ya nuna yawanta ya ragu da kashi 36 cikin ɗari. Akwai garken da ke tafiyar kusan kilomita 240 tsakanin yankin da ake kira Jan Hamada da kwarin Hobak, duk a Wayomin, yana ratsa shingen waya da manyan tituna, kuma gadojin sama biyu da hanyoyin ƙarƙashin titi shida da aka kammala a yankin a 2012 domin dabbobi su ƙetare sun ceci uwaye da yawa daga motoci. Kuɗin hukumomin namun daji na jihohi kuwa mafi yawansa daga aljihun maharba yake fitowa, ta hanyar lasisi da kuma harajin dokar Pittman da Robertson ta 1937, wadda ke karɓar kashi 11 cikin ɗari a kan dogayen bindigogi da harsasai tana raba wa jihohi. Idan ka rufe farauta shekara biyar, ka toshe wani babban ɓangare na kuɗin ƙidaya da gyaran daji, alhali abin da ke kashe garken yana nan daram.

Jikan Maharba:

Malam Mai Bin Sawu, Allah Ya ƙara sani. Na yarda da lissafinka, amma ina ganin ka rage wa dokoki da tukuici daraja fiye da kima. Hukuma ba dabba kaɗai take kiwo ba, har da mutanen da ke bin dabbar. Maharbin da ya yi mako a daji bai ga babban namiji ko ɗaya ba, gobe ba zai saurari jawabin hukuma a kan gyaran daji ba, kuma ba zai zo taron jin ra'ayi da fuskar arziki ba.

Tsarin da ya fi burge ni shi ne na Yuta, wanda ake shiga na shekara uku. Ana ba maharbi damar fita a duk lokutan farauta, na kwari da baka, da na bindigar toka, da na bindigar zamani, amma barewa biyu kacal zai harba a cikin shekara ukun, sannan dole ya yi aikin sa kai na awa 32, kamar dashen tsirran da barewa ke ci, ko cire tsohon shingen waya, ko gina wurin shan ruwa. An rage harbi, an sami hannayen aiki, maharbin kuma bai ji an tauye shi ba. Haka nan bayan mugun hunturun 2023, wani mazaunin yammacin Wayomin ya shirya ƙuri'ar kyaututtuka, inda maharbi ke miƙa lasisin barewarsa ba tare da ya yi amfani da shi ba domin a sa sunansa. Hukuma ta riga ta karɓi kuɗin lasisin, barewa kuma ta tsira.

Akwai kuma dabarar rage wa maharbi ƙarfin kayan aiki maimakon a hana shi fita. Arizona ta haramta kyamarorin da ake ɗaurewa a jikin itace domin leƙen dabbobin farauta tun 2022, Niu Meziko kuma ta hana ɗora madubin hangen nesa a kan bindigar toka daga 2023. Mutum dubu za su fita, amma waɗanda za su dawo da nama sun ragu. Sannan ban ji ka ambaci namun da ke cin 'ya'yan barewa ba, alhali a 2012 Yuta ta yi doka ta fara biyan dala 50 a kan kowace dilar Amurka, wato koyoti, da aka kashe. Ai wannan kai tsaye 'ya'yan yake karewa, waɗanda ka ce su ne ƙashin bayan garke.

Likitar Dabbobi:

Baba Jikan Maharba, a gafarce ni, a kan ladar dila zan saɓa maka. An yi babban gwaji a kudu maso gabashin jihar Aidaho daga 1997 zuwa 2003, inda aka rage dila da zakin tsauni, wato wata babbar kyanwar daji mai cin barewa, a wasu yankuna, aka bar wasu yadda suke domin kwatance. An ga ɗan sauyi a rayuwar 'ya'ya a wasu shekaru, amma yawan garken gaba ɗaya bai sauya ta yadda za a yi tinƙaho da shi ba, kuma tsananin hunturu ya fi komai tasiri. Dalilin a fili yake: ɗan barewar da ya shiga hunturu a rame, idan dila ba ta ci shi a Disamba ba, yunwa za ta kashe shi a Maris. A wani gwajin kuma a tudun Ankompagre na Kolorado, da aka inganta abincin barewa a hunturu, sai rayuwar 'ya'ya ta ƙaru, har cin da dila ke yi musu ya ragu, domin mai ƙarfi ya fi iya tserewa. Rage dila yana da amfani idan an yi shi a daidai wurin haihuwa, a daidai lokaci, kuma garken yana ƙasa da abin da kiwon zai iya ɗauka, amma ladar da ake biya a kan kowace dila ko daga ina aka kashe ta ba ta cika waɗannan sharuɗɗa.

Ga ɗalibinmu kuma, shawarar hana farauta ɗungurungum tana da tarihi. A 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya killace tudun Kaibab a arewacin Arizona, aka hana harbin barewa, aka yi ta kashe namun da ke cin ta. Ta yi yawa har ta cinye tsirran da take rayuwa a kansu, sai yunwa ta karkashe ta a tsakiyar shekarun 1920. Masana na jayayya a kan alƙaluman, amma ba a kan mutuwar ba.

Abin da ya fi damuna a matsayina na likita shi ne cutar ramewa mai cin ƙwaƙwalwa, wadda aka fara gani a 1967 a jikin barewar da ake tsare da ita a Fot Kolins ta Kolorado. Gurɓataccen furotin ne ke haddasa ta, ba ta da magani ko rigakafi, tana bi ta yawu da fitsari da kashi, tana kuma daɗewa a cikin ƙasa. Manyan maza sun fi mata kamuwa da ita, sau da yawa ninki biyu, saboda yawon da suke yi tsakanin garkuna lokacin barbara. To kun ga inda gizo ke saƙa: duk dokar da ke tara tsofaffin maza domin faranta wa maharba rai, a yankin da cutar take, tara masu yaɗa ta take yi. Shi ya sa tsarin da Kolorado ta amince da shi a 2018 ya ce idan cutar ta wuce kashi 5 cikin ɗari a manyan mazan wani garke dole a ɗauki mataki, kuma matakin kan haɗa da ƙara harbin maza, ba ragewa ba. Tukuicin da nake goyon baya ba tare da ɗar-ɗar ba shi ne wanda ake ba maharbin da ya kawo kan dabbarsa, a yanka ƙarƙashin muƙamuƙi a ciro kaluluwa biyu a aika ɗakin gwaji, domin da wannan ne ake sanin inda cutar ta kai.

Ɗalibin Gandun Daji:

Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Saura abu ɗaya da ba a taɓo ba, wato dokar rassan ƙaho. Idan an ce sai namiji mai reshe huɗu a gefe ɗaya za a harba, ashe ba hanya ce mai sauƙi ta kare ƙanana ba tare da an rage yawan maharba ba?

Mai Bin Sawu:

Tana kare 'yan shekara ɗaya, wannan gaskiya ne, kuma idan an sa ta na shekara biyu ko uku bayan mugun hunturu tana taimakawa wajen dawo da yawan maza. Matsalar tana zuwa ne idan aka bar ta ta daɗe. Duk bindigogin da a da suke warwatse a kan maza masu shekaru daban-daban sai su koma kan manyan kaɗai, kowane namiji kuma da zarar ya fito da reshe na huɗu sai a ɗauke shi, har a wayi gari tsofaffin da aka yi dokar dominsu sun ƙara ƙaranci fiye da kafin a yi ta. Ga kuma ɓarna a ɓoye: mutum ya hango ƙaho daga nesa da sanyin safiya, ya ƙirga huɗu, ya harba, ya isa ya tarar uku ne, sai tsoron tara ya sa ya bar naman a daji. Kolorado da Yuta duk sun gwada wannan doka a shekarun baya suka janye ta saboda irin waɗannan dalilai. Idan za ka sa ta a aikinka, ka rubuta ta a cikin matakan wucin gadi, ka haɗa ta da ranar da za a ɗage ta.