Muhawara: wai super glue ya fi sholisho riƙe faci a tiyub?

Mai Kayan Gyara: Salamu alaikum. Ana ta faɗa a kasuwa cewa ɗigo biyu na super glue sun fi sholisho riƙe faci a tiyub ɗin babur. Ni dai na yarda. Abin da ke kama yatsa cikin daƙiƙa goma, ai roba ba za ta gagare shi ba.

Mai Faci: Wa alaikumus salam. Alhaji, kamawa daban, riƙewa daban. Super glue in ya bushe ƙanƙarewa yake kamar gilashi, shi kuwa tiyub da an ba shi iska miƙewa yake. Gam ɗin ba ya bin sa, sai ya tsattsage, iska ta riƙa zurarewa ta gefen facin.

Mai Kayan Gyara: To me ya sa yake haɗa zoben roba da ya tsinke?

Malamin Kimiyya: Nan kam kana da gaskiya, Alhaji, yana kama roba sosai in wurin ƙarami ne kuma ba ya yawan miƙewa. Sinadarinsa cyanoacrylate ne, wanda Harry Coover ya gano a Amurka a 1942, aka fara sayar da shi a 1958. Danshin iska da na jikin abu ke daskarar da shi, shi ya sa ya fi saurin kama fatar mutum. Sholisho kuwa ɗanyar roba ce aka narkar a ruwa mai saurin tashi, dangin fetur. In ruwan ya tashi, roba ce ke saura tsakanin roba da roba, su miƙe tare.

Mai Faci: Yawancin facin da ke ɓallewa gaggawa ce ta jawo. A goge wurin da samfefa har ƙyallin ya tafi, faɗin gugar ya wuce na facin. Kada a taɓa da yatsa, maiƙon hannu na hana kamawa. A shafa sholisho siriri, a jira kamar minti biyar har ya daina ƙyalli. Wanda ya ɗora faci a kan jiƙaƙƙen sholisho ya rufe ruwan a ciki ke nan. Sannan a danne daga tsakiya zuwa gefe.

Bakanike: Oga, ni a wurina duka biyun na wucin gadi ne. Facin wuta shi ne faci.

Malamin Kimiyya: Yana da tushe, tun 1839 Charles Goodyear ya gano cewa zafi da farar wuta ke gasa roba ta yi ƙarfi. Amma facin kwali na zamani yana da ɗanyar roba a ƙasansa, ruwan da ake haɗo shi da shi kuma na yin wannan aikin ba tare da wuta ba. Zafi in ya yi yawa, tiyub ɗin ma ƙonewa yake.

Bakanike: A keke na yarda, Malam. A tiyub ɗin mota mai ɗaukar kaya kam, a hura min wuta.