Wai me za mu kira amateur radio da Hausa ne?

Salam jama'a. Jiya da daddare ƙanena ya shigo ɗakina ya tarar na jona wata 'yar na'ura mai kama da filasha a jikin laftof, ga doguwar waya ta fita ta taga har kan darbejiyar tsakar gida, sai ya ce Yaya wannan kuma wace tasha kake kamawa? Na buɗe baki zan amsa sai na ga abin da na shekara uku ina bi ba shi da suna a bakina da Hausa, wlh abin ya tsaya min a rai.

Ga wanda bai sani ba, masu amateur radio mutane ne masu lasisin gwamnati da ke haɗa na'urar aika magana da karɓa a gidajensu, su yi ta kiran juna a gajeren zango, mita 20 ko mita 40, sigina ta tashi sama ta dawo ƙasa ta faɗa wata nahiya, ba data ba turken kamfanin waya. Kowa da lambar kiransa, ta Najeriya da 5N take farawa, Nijar 5U, Gana 9G, Kamaru TJ. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ma yana cikinsu, JY1 ce lambarsa. Ƙungiyarsu ta duniya tun 1925 aka kafa ta a Paris. Ni dai har yanzu saurare nake yi, ba na aikawa.

Da na tambayi jama'a sunan da za mu ba shi, wanda ya fara amsa min ya ce rediyon 'yan koyo. Malam ka yi haƙuri wannan kam ban karɓa ba. Asalin kalmar amateur daga Latin take, ma'anarta mai son abu, wanda yake yi don ƙauna ba don a biya shi ba, kuma dokar abin ma haka take, ba talla ba kasuwanci ba saka kiɗa. Joe Taylor da ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1993 ɗan wannan harka ne, K1JT, ta yaya za a ce masa ɗan koyo?

Turawa suna kuma ce masa ham radio, wannan mu bar musu abinsu, don ham ɗin a Turanci sunan naman alade ne kuma, ranar da wani ya fassara shi kai tsaye an gama korar mutanenmu daga harkar.

Wani bawan Allah daga Damagaram ya kawo oba-oba. Gsky ya kusa, kalma ce da kowa ya sani, kana faɗa mutum zai gane ana magana ana amsawa. Amma oba-oba a kunnen Bahaushe ta ɗan sanda ce ko mai gadi, kayan aiki ne, kuma sunan na'urar ce kawai, mu kuma sunan harkar muke nema.

Rediyon sha'awa shi na fi daɗewa a kansa don shi ne ma'anar daidai, yadda ake cewa wane yana sha'awar kiwon tattabaru ko dawaki. Sai wata Hajiya ta ce in tuna yadda kalmar ta koma a soshiyal midiya, kana rubuta sha'awa hankalin rabin mutane ya tafi wani wuri daban. Hajiya kin yi gaskiya, na janye. Rediyon sa-kai ma haka, duk da suna taimakawa in bala'i ya katse layukan waya, yanzu kana cewa 'yan sa-kai tunanin mutane ya tafi rikicin Zamfara. Rediyon al'umma kuma an riga an ba ƙananan tashoshin gari.

To ni inda na tsaya shi ne rediyon zumunci, masu yi kuma 'yan rediyon zumunci. Dalilina, in ka zauna ka saurare su abin da suke yi kenan, a yi sallama a faɗi suna da gari, ya kake ji na, ya yanayi a wajenku, a rabu da 73 wato fatan alheri, daga baya a aika wa juna kati ta gidan waya shaidar an gaisa. Duk wanda ya tashi da katin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kuma zumunci ba a biyan mutum don ya yi shi, ka ga ma'anar amateur ta shigo da kanta.

Akwai ƙorafi ɗaya da na ji nauyinsa, daga wani ɗan uwa mai gyaran kwamfuta. Ya ce yanzu ai kwamfuta ce ke maganar, tun da Taylor da Steve Franke suka fito da tsarin aika saƙo na FT8 a 2017 laftof ke aika 'yan sautuka kowane daƙiƙa 15, lambar kira da wurin da kake da ƙarfin sigina, shikenan, ina zumuncin yake? Nima a zangon 14.074 MHz da ake yin FT8 ɗin na fi zama kuma na san hira ba ta cikinsa. Amma ranka ya daɗe ko a unguwa akwai wanda tsakaninku da shi sallama ce kawai a bakin masallaci shekara da shekaru, in ka kwana biyu ba ka ga shi ba sai ka tambaya. Haka nake ji da wasu lambobin Brazil da Italiya da nake gani a allona duk yamma.

Lambar kira dai ina ga ta zauna, ba wanda ya yi gardama a kanta. Saura 'yar na'urar nan tawa, RTL-SDR, wadda manhaja ce ke yin aikin da kayan cikin akwatin rediyo suke yi a da. Ƙanena ya ce filashar rediyo, ni kuma rediyon manhaja nake ta juyawa a baki, ku kawo naku mu gani.