Zanen suturar 'yan Jos da fentin ruwa: yaya kuke yi?

Ɗaliba, Farin Gada: Assalamu alaikum yayyena. Tun shigowar hunturu nake zama wajen Terminus ina zana kayan da mutane suka sa. Abu biyu sun hana ni sakat: fenti na bushewa kafin in haɗa kala, farar shadda kuma ta ƙi fitowa.

Mai zane, Anguwan Rogo: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Iskar hunturu ce ke shanye ruwan. Ni a titi fensir kawai nake riƙewa, in kama tsayuwar mutum da yadda riga ta zauna masa, kala kuma sai na koma ɗaki. Nemi takarda mai kauri ta auduga, mai giram 300, ki liƙe gefenta a jikin allo, ki ɗan jiƙa ta tukuna. Takardar ofis kumbura take yi. Batun shadda kuwa, ajiye farin fenti. Farin takardar shi ne rigar. Inuwar karyewar yadin kaɗai za ki taɓa, da shuɗi mai ruwa-ruwa, launin bular wanki, ki sa masa ɗigon ruwan ƙasa.

Tela, Dilimi: Ni ɗinki na fi sani, amma ina zana wa kwastomomi samfuri. 'Yata, ki san yadin kafin ki ɗauki buroshi. Shaddar da ta sha sitati da bugu tsayawa take, karyewarta da kaifi, saboda haka ki bari takarda ta bushe kafin ki ja layin. Mayafi da abaya zuba suke, su ne ake yi a jiƙe, kala ta bi ruwa da kanta. Atamfa kuma kada ki ce sai kin zana kowane fure. Inda zane ya naɗe, furen yankewa yake, idan kin nuna wannan, ido zai cike sauran.

Matashi, Bauchi Road: Abin da ke ci min rai shi ne yadda yaranmu ke kwaikwayon hotunan Faransa da Amurka, alhali ga abu a ƙofar gida. Garin nan ya haura mita 1,200 a kan tudu, sanyinsa ya ba mu shigar da ba a cika gani a Kano ba. Ka je kasuwar Katako da safe: kaftani, a sama jaket ɗin gwanjo, zanna bukar a ka, kambas a ƙafa. Mama mai tumatir ga suwaita, ga zane biyu, ga hular sanyi ƙarƙashin ɗankwali. Su nake zanawa, kuma nakan fara da kala mai haske, jaket mai duhu ya zo ƙarshe, domin fentin ruwa ba ya komawa baya.

Malama, Rikkos: Ku dai riƙa neman izini. Na taɓa zana wata baiwar Allah a bakin titi, ta hango, ranta ya ɓaci, da gaskiyarta kuwa. Yanzu sallama nake fara yi, in ce lafayarta ce ta burge ni, in nuna mata littafin. Fuska ba na zanawa, da yawa ma sai sun ji haka hankalinsu ke kwanciya.

Ɗaliba, Farin Gada: Allah ya saka da alheri. Baba tela, leshi fa? Ramukan nan nasa, a bar su fari ne ko a ɗiga su daga baya?