Jikka 150 don a goge jirgin ruwa a shafa masa kaki: in biya ko in bari?

Ɗan Mokoyo: Salamu alaikum ƴan uwa, shawara nake nema. Bara na sayi jirgin ruwa na faiba, na hannu, mita 6, ina ɗaukar masu yawon buɗe ido da masu ziyarar waliyyai a tafkin Madarumfa, kusa da Maraɗi. Lokacin da ya iso shuɗi ne shar. Yanzu ya koma kamar bokitin roba da aka manta a rana, in ka shafa hannu sai wani farin gari kamar alli ya biyo tafinka, har ya fara ɓata wa mutane shadda. Wani mai sana'ar a Yamai ya ce zai zo ya goge shi da inji ya shafa kaki, jikka 25 (sefa 25,000) kowace mita, 150 ke nan, kuɗin mota da masauki daban. Wani yaro mai wankin mota a Sabon Gari kuma ya ce jikka 30 duka. Sallah saura sati 5. Wanda ya taɓa yin irin wannan aiki ya gaya mini nawa ya biya, kuma ƙyallin wata nawa ya yi.

Na Bagalam: Wa alaikumus salam. Fenti kawai za ka sa a feshe shi. Ni motata jikka 90 aka yi mata, shekara 3 ke nan tana nan tsaf.

Ɗan Mokoyo: Yaya, jirgi na ce, ba mota ba.

Bagobirin Tsibiri: Bakatsine da jirgin ruwa! Kai da ko gulbi ya kawo sai an goya ka a ƙetare, mi ya kai ka? Ka saida shi ka sayi jaki, shi ba ya son kaki.

Tsohon Toliye: Ɗana, bari in raba maka abin biyu, don masu aikin kan haɗe su su rikita mutum. Jirgin faiba ba fenti ne a jikinsa ba, wata fata ce ake zubawa tun a ma'aikata, jelkot ake ce mata, kaurinta wajen rabin milimita. Rana ce ke cin samanta, shi ne allin da kake gani. Gogewa ita ce a kankare wannan mataccen saman da mai mai ɗan yashi-yashi, in ya yi nisa a fara da samfefar ruwa mai laushi, lamba 1000 zuwa 2000. Kaki kuwa rufi ne kawai, ba ya gyara komai. Wanda ya shafa kaki bisa alli ya yi ado da kuɗinka na sati biyu. Ka tambayi na Yamai zagaye nawa zai yi da injin, kuma da samfefa a cikin farashin ko babu.

Mai Lambun Jiratawa: Inna lillahi. Ɗan Mokoyo, kar ka yarda da yaron nan na jikka 30, ni ga ni nan shaida. Nawa ƙarami ne, mita 4, ina ƙetarar da kayan lambu da shi in ruwa ya cika. Ƙanen matata ya kawo mini wani abokinsa, wai gwani ne, har motocin manya yake gogewa. Muka yi jikka 35, na ba da 20 kafin alƙalami. Ranar aiki sai ga shi da injin yankan ƙarfe, ya cire faifan ya ɗaura soso. Ni ban san bambanci ba a lokacin. Ashe injin gogewa a hankali yake juyawa, wannan kuwa gudunsa ya ninka shi sau biyar ko fiye. Na tafi sallar azahar, na dawo na tarar gefen jirgin yana warin ƙonannen roba, wuri uku fatar ta cinye har zaren faiba ya fito fari fat kamar buhun siminti. Ya ce wai in ya shafa kaki zai ɓace. Ya shafa, har cikin ƙasan jirgin inda ake takawa. Washegari surukata ta sa ƙafa, santsi ya kwashe ta, ta zauna daɓas cikin tumatir, wayarta ta faɗa ruwa. Na biya waya, na biya mai ɗori, na biya jikka 60 aka toshe wuraren da suka ƙone, kuma launin bai zo ɗaya ba, yau jirgin kamar mai ƙyasfi. Da na ce zan kai ƙara sai aka taru a kaina, wai zumunci. Yaron ma har ya aiko a ba shi cikon jikka 15 ɗinsa!

Bagobirin Tsibiri: Allah ya ba Inna lafiya. Amma tumatirin hwa, an kai shi kasuwa ko an yi miya?

Mai Lambun Jiratawa: Ba abin dariya ba ne Bagobiri. Wata 4 matata ba ta yi mini magana mai daɗi ba. Har yau in an zo biki ana nuna ni, wai ga wanda ya kayar da tsohuwa. Ƙanen nata kuwa ko sannu.

Hajiya Ƴar Kwatano: Ai laifinka ne Alhaji, da ka ba da kuɗi ka tafi. Ba a barin mai aiki da kaya ranar farko. Kuma aikin da dangin mata suka kawo, in ya ɓaci ba ka da bakin magana, wannan kowa ya sani.

Mai Lambun Jiratawa: To Hajiya, sallar zan bari?

Direban Kano: Ku dai kuna ba mutane kuɗi a banza. Gwangwanin kakin nan da man gogewar na sayo su a Kano, duka biyun ba su kai jikka 12 ba in ka juya naira. Na goge bas ɗina da hannu, ni da yarana biyu, yini ɗaya.

Hajiya Ƴar Kwatano: Na mota ka sayo. Na jirgi daban yake, ni na sha kawo shi. Kafin a rufe iyakar Benin a 2023 ina ba da gwangwani jikka 9, yanzu da kaya ke zagayowa ko a 18 ban ci riba ba, shi ya sa na daina. Wanda ya ce maka zai yi jirgi mita 6 a jikka 30 har da kayan aiki, to man gyaɗa zai shafa.

Direban Kano: Hajiya kasuwarki kike karewa. Kaki kaki ne.

Tsohon Toliye: Kakin mota zai kama jirgi, ba zai dai daɗe ba. Man gogewar ne ba ɗaya ba: jelkot ta fi fentin mota tauri, mai laushin nan na mota ba ya cin allinta, sai dai hannunka ya mutu.

Ɗan Yamai: Ni na yi shekara 6 ina tuƙa jirgin wani otal a bakin kogin Isa. Mu jikka 80 ake yi wa mai mita 7, sau biyu a shekara. 150 ta yi yawa, sai dai in ya ga hoto ya ga sai an sa samfefa. Maganar daɗewa kuma, kar kowa ya ruɗe ka: a ranarmu ta watan Afrilu kaki ba ya wuce wata 2 zuwa 3. Ka watsa ruwa a jiki, in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya kaki na nan, in ya shimfiɗe ya tafi. Ka ce ya gwada maka taki ɗaya a gefen da ya fi cin rana kafin ku yi ciniki. Kuma ƙasan da ke zaune cikin ruwa ba ya buƙatar kaki, kar a lissafa maka shi.

Na Bagalam: 80 ta yaushe? Kai da ka baro Yamai tun kafin korona.

Ɗan Yamai: Ko ta yaushe ce, ni dai na riƙe injin da hannuna. Kai da ka ce a fesa fenti fa?

Na Bagalam: Baba Toliye ma ai bai taɓa goge jirgi ba, mota ya sani, amma ba wanda ya tanka masa.

Tsohon Toliye: Shekara 31 ina shafa samfefa, ɗana. Kan motocin ɗaukar kaya masu rufin faiba nawa suka bi ta hannuna kana makarantar allo.

Ɗan Mokoyo: Don Allah a yi haƙuri. Ni dai har yanzu ban ji ba, in kira na Yamai ko in bari sai bayan Sallah?

Masuncin Madarumfa: Alhaji na san jirginka, shi ne ke kwana a fili gabas da inda muke shanya taru. Ka sayi tamfol ka kafa masa rumfa tukuna, in ba haka ba ko na Faransa ka kira alli zai dawo. Kuma wa zai ga ƙyallin? Nan da sati 5 ruwa ya ja baya, sai an taka laka an iske ka. Da ina yaro inda kake ɗaure jirgin nan sanda ba ta taɓa ƙasa, yau yara ke wasa a wurin. Kowace damina Gulbin Gabi na kawo yashi yana zubewa a ciki, an sare itatuwan baki, ba mai yashewa.

Mai Lambun Jiratawa: Ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Mu ma tun da aka datse ruwa a Jibiya gulbi bai koma yadda iyayenmu suka san shi ba. Da in ya malala har rani ƙasa na da danshi, yanzu sai ka ƙona mai kana jan ruwan rijiya.

Direban Kano: Kar a ɗora wa Jibiya komai. Ku da kuke noma har cikin bakin tafki fa?

Masuncin Madarumfa: Masu lambu ke nan, ba mu ba. Mu kuɗin takardar su ake karɓa a hannunmu duk shekara, ko kwandon yashi ɗaya ba mu ga an kwashe ba. Baƙi su zo daga nesa mu ji an yi taro, a ɗauki hoto a bakin ruwa, a tafi.

Bagobirin Tsibiri: To ga shawara kyauta: in tafkin ya ƙafe a jawo jirgin Tsibiri mu zuba wa awaki dusa a ciki. Amma a goge shi tukuna, awakinmu ba su cin abinci a kwano marar ƙyalli.

Mai Lambun Jiratawa: Masunci, wane ne masu lambun? Fito fili ka faɗa. Nawa lambun ko kusa da tafkinku bai kai ba.

Ɗan Mokoyo: Tamfol mai mita 7 nawa yake yanzu a Babbar Kasuwa?