Wane ne "mutumin kansil" da tsohuwar da nake kula da ita take yawan ambata?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum jama'a. Aikina kula da tsofaffi ne a arewacin Landan, kuma akwai wata tsohuwa Baturiya a Tottenham da nake zuwa wurinta sau huɗu a mako. A gidan da take ciki aka haife ta, tun kafin yaƙin duniya na biyu. Rannan na fita farfajiyar baya zan shanya tawul, sai na tura ƙofar wani ɗan ɗakin bulo da na daɗe ina ɗauka sito ne. Ashe masai ne. Tankin ruwan na can sama dab da rufi, ga sarƙa a rataye, duk tsatsa ta cinye. Da na tambaye ta sai ta yi ta dariya har da tari. Ta ce ai nan ne banɗakinsu har ta zama budurwa, kuma da hunturu babanta kan kunna 'yar fitilar kananzir ya bari a ciki ta kwana, don kada bututu ya daskare ya fashe. Wanka kuwa sai daren Juma'a, a bahon ƙarfe gaban murhu, ruwa ɗaya, yara na shiga bi da bi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani mutum da take kira mutumin kansil, wato ma'aikacin ƙaramar hukuma. Jim kaɗan bayan yaƙi ta kamu da wani zazzaɓi mai fesar da jajayen ƙuraje. Mota ta zo ta kai ta asibitin keɓe masu cuta, ta yi makonni, uwarta ba ta ganinta sai ta gilashin taga. Washegari mutumin nan ya iso da littafi a hannu, aka kwashe katifa da barguna aka tafi da su, har da littafin da ta aro a laburare. Wata rana kuma ya dawo ya tura hayaƙi cikin magudanar gidan, ya tsaya yana duba inda zai ɓullo. Ta ce uwarta ta fi shakkarsa a kan ɗan sanda.

To wai shi wane ne, likita ne ko jami'in tsaro? Kuma NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, ita ce ta kawo wannan tsarin? Ni wallahi na ɗauka tun zamanin zamanai Ingila ta wuce wannan matakin.

Malam Sabo:

Wa alaikumus salam Maman Ilham, sannu da ƙoƙari. Wannan fannin na karanta, don haka bari in ɗan ja zance. Mutumin nan duba-gari ne, ba likita ba. Amma a ƙarƙashin likita yake, wato babban likitan lafiyar jama'a na ƙaramar hukuma. Liverpool ce ta fara naɗa irin wannan likita a 1847, sannan birnin Landan a 1848, saboda haka tsarin ya girmi NHS da shekara ɗari. Tun ƙarshen ƙarni na 19 doka ta wajabta wa likitan da ya ga cuta mai yaɗuwa ya sanar da ofishinsa, shi ya sa duba-gari ya iso gidansu da wuri haka. Katifar kuma tururi aka kai a yi mata. Hayaƙin da ya tura gwaji ne: in ya fito ta ƙasan kicin ko tsagar bango, to bututun ƙazanta ya fashe ke nan, sai a rubuta wa mai gidan haya takarda ya gyara, in ya ƙi a kai shi kotu.

Duk shekara likitan nan sai ya fitar da rahoto, kuma ɗakin karatu na Wellcome ya ɗora na yankin Landan a intanet, daga 1848 zuwa 1972. In kin buɗe na shekarun 1950 za ki ga ba wani abin burgewa a ciki: gidaje nawa aka duba, samfurin madara da askirim nawa aka kai ɗakin gwaji, naman gwangwani nawa aka ce a zubar, koke nawa aka samu kan ɓeraye da kuɗin cizo, yara nawa aka wanke wa ƙwarƙwata da ƙazwa. Ni a ganina wannan aikin na bin gida-gida, wanda ba wanda ke yi wa tafi, shi ya riƙe lafiyar unguwannin nan fiye da asibiti.

Kowace doka kuma akwai gawar da ta jawo ta. A 1937 taifot ya ɓarke a Croydon da ke kudancin Landan, mutum 341 suka kamu, 43 suka mutu. Ana gyaran wata rijiya ce a Addington, ɗaya daga cikin ma'aikatan na ɗauke da ƙwayar cutar, kuma ruwan na tafiya gidaje ba a sa masa kulorin ba. A 1946 askirim ya yaɗa taifot a garin Aberystwyth da ke Wales, a 1947 aka fito da ƙa'idar dafa haɗin askirim kafin a daskarar.

Game da NHS, abin da ta yi wa garuruwa irin Tottenham rage musu aiki ne. Lokacin Tottenham ba ta ƙarƙashin hukumar Landan, tana gundumar Middlesex. Daga 5 ga Yuli 1948, ranar da NHS ta fara aiki, asibitocin keɓe masu cuta suka koma hannun hukumomin asibiti na shiyya, kula da mata masu ciki da jarirai da rigakafi suka koma hannun gunduma, aka bar wa ƙaramar hukuma shara, magudanai, abinci, gidaje da ɓeraye. A 1965 aka rushe Middlesex, aka haɗe Tottenham da Hornsey da Wood Green suka zama Haringey. A 1974 aka soke muƙamin likitan baki ɗaya.

Masan farfajiya kuwa kada ya ba ki mamaki. Ƙidayar 1951 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na iyalan Ingila da Wales ba su da bahon wanka kafaffe.

Anti Nas:

Malam Sabo, na ji bayaninka kuma na ƙaru, amma a matsayina na ma'aikaciyar jinya ban yarda da "fiye da asibiti" ɗin nan ba. Duba-gari ko ya kwana cikin kwata ba zai hana mashaƙo ba. Kafin a fara gangamin rigakafi a farkon shekarun 1940 mashaƙo na kashe dubban yara duk shekara a ƙasar, allura ce ta karya lagonsa. Shan-inna ma haka. Ta yi mummunar ɓarkewa a 1947, kuma ba ta bar gidajen masu tsafta ba. Sai 1956 aka fara allurar, amma matasa suka yi ta jan ƙafa har sai da cutar ta kashe Jeff Hall, ɗan wasan Birmingham City da Ingila, a 1959. Matarsa ta fito ta yi magana, sai ga layi a ƙofar kowane asibitin unguwa. Tarin fuka kuma motocin ɗaukar hoton ƙirji ne suka riƙa zagayawa, ga sabbin magunguna, ga allurar BCG ga 'yan makaranta daga 1953. Inda na ba ka gaskiya shi ne batun cunkoso da danshi, don mai tarin fuka in ya koma ɗaki ɗaya da yara biyar, an yi ba a yi ba ke nan.

Maman Ilham, ki tambaye ta man hantar kifi da ruwan lemon da ake rabawa yara. Ina tabbatar miki za ta yamutsa fuska.

Ɗan Baba:

Maman Ilham, ki tambaye ta Disambar 1952 ma. Daga ranar 5 zuwa 9 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya rufe Landan, da farko aka ce mutum kusan 4,000 ne suka mutu, daga baya masu bincike suka kai lissafin wajen 12,000. Shi ya jawo dokar tsaftace iska ta 1956. Duba-garin ne kuma aka ɗora wa bin gidaje yana lallashin mutane su canza murhu.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau na je da tambayoyinku a takarda. Anti Nas, kin canka daidai, har yanzu in ta tuna man kifin nan sai ta toshe hanci. Hazon kuma ta ce da hannu ta riƙa laluben shingen gidaje har ta kai ƙofarsu, kuma farin gyalen da ta rufe baki da shi ya koma baƙi ƙirin.

Sai ta ƙaro wani da ba wanda ya ambata. Wai a bakin layinsu akwai garwar da kowa ke zuba ɓawon dankali da ragowar abinci, kansil ta kwashe ta dafa a sayar wa masu kiwon alade. Da zafi ƙudaje da tsutsa ba a magana, kuma garwar a ƙofarsu aka ajiye ta, don haka uwarta kan lallaɓa da dare ta ja ta zuwa ƙofar maƙwabta, da safe su maido. Malam Sabo, wannan gaske ne ko tsufa ne?

Malam Sabo:

Gaske ne Hajiya, Tottenham ta yi suna a kan wannan dafaffen abincin aladen tun lokacin yaƙi, kuma garewanin sun daɗe a tituna bayan an gama, don rabon abinci da kati bai ƙare ba sai 1954. In kin koma ki tambaye ta shekarar da banɗaki ya shigo cikin gida. Daga 1959 akwai tallafin da ke biyan rabin kuɗin saka baho, wurin wanke hannu, ruwan zafi, masai da ma'ajiyar abinci. Ina so in ji ko mai gidan ne ya nema, ko sai da mutumin kansil ya sake dawowa da littafinsa.